Fedar da Baba Ya Lanƙwasa

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa ina ja wa bawan Allah rai, yau ku zauna ku ji nawa uzurin. In kun gama ji, wanda ya ga har yanzu laifina ne ya rubuta, ba zan goge sharhin kowa ba.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, kuma sana'ata zane ne a kwamfuta. A wurin aikinmu ana kawo mana kayan motar da suka karye aka rasa irinsu a kasuwa, ko wanda mai mota yake so a ƙera masa na musamman. Sai in auna, in gina abin a kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, yadda za ka juya shi ta ko'ina ka leƙa har cikin ramukansa. In na gama sai in tura wa mai injin yanka ƙarfe ya fitar da shi a zahiri. Gwaggota har gobe in aka tambaye ta aikina, cewa take yi kanikanci nake yi amma a zaune.

Mai injin yanka ƙarfen nan shi ne bawan Allahn da kuke tausaya wa. Sau-Biyu nake ce masa, haka ma na ajiye lambarsa a wayata, saboda komai sai ya auna sau biyu kafin ya taɓa, ko da ni na rubuta masa awon da hannuna. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kullum da ma'auni a aljihun gaban rigarsa inda mutane ke sa biro. Wata takwas ke nan da ya zo gidanmu ya gaida Baba, ya faɗi abin da ke tafe da shi, wato neman aurena, cikin jimla uku, ya tashi ya tafi. Tun ranar yake jiran amsata, kuma bai taɓa tuna min ba. Umma ce ke tuna min, safe da yamma.

Ba ƙinsa nake yi ba, gara in faɗa muku tun yanzu. Matsalata Baba ce.

Baba direba ne, shekara talatin da huɗu yana jan manyan motoci kafin ya ajiye. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce aka yi masa aiki a baya, aikin ya yi kyau, amma ƙafarsa ta dama ba ta dawo ba. Yana takawa da sanda, sai dai ƙafar ba ta da ƙarfin danna komai. Yayana yana can wani gari da iyalinsa, Umma kuma ba ta iya ɗaga shi in ya zauna. Ni ce mai kai shi asibiti ran Litinin da Alhamis a motar haya, ni ce mai riƙe masa hannu a matakala, ni ce mai karɓo magani. To ku faɗa min, in na kwashi kayana na bar gidan, wa zai yi?

Baba yana da wata tsohuwar mota ruwan toka mai canza giya da kanta, wadda ya saya tun kafin a haife ni. Tana gareji a rufe da tamfol. Kowace safiya bayan ya sha shayi sai ya dogara sandarsa ya je ya yaye tamfol ɗin, ya shiga ya tayar da ita ta yi minti goma tana ɗumi, ya goge sitiyari da hankici, ya kashe, ya kulle, ya mayar da makullin aljihunsa. Ba ya ba kowa makullin nan, kuma ba a yi masa maganar tuƙi. Ranar da wani abokinsa ya yi kuskuren cewa Allah ya sa ya koma kan hanya, Baba bai ƙara magana ba har baƙon ya tafi.

Sai ga Yaya ya zo a farkon watan jiya da labarin ya samo mai sayen motar, zai zo ƙarshen wata. Ya ce ajiyarta ba ta da amfani, lalacewa kawai take yi, kuma kallonta yana ƙara wa Baba damuwa. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa daidai fahimtarsa. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Washegari da safe bai je gareji ba. Na tsaya a tagar kicin da kofi a hannu ina jiran ƙarar injin har shayina ya huce.

A ranar na yanke shawara. Na tambayi likitar da ke motsa masa ƙafa, ta ce idanunsa lafiya, hannuwansa sun fi na wasu samarin ƙarfi, ƙafar ce kawai. Akwai abin da ake sa wa masu irin lalurarsa: wani hannun ƙarfe a gefen sitiyari, ka tura shi gaba ya taka birki, ka jawo shi baya ya ba da totur. Sanduna biyu ne ke sauka daga jikinsa su kama fedojin a ƙasa. Na kasuwa ba su shiga tsohuwar mota irin tamu, don haka sai dai a zana mata nata. Kuma wa ya fi ni iya wannan?

Ban faɗa wa Baba ba. Tsoro nake ji in sa masa rai abin ya zo bai yi ba, kuma in faɗi gaskiya, akwai son a yaba min a ciki. Ina so in yaye tamfol in ce ga shi, kowa ya riƙe baki. Matsalar ita ce ba ni da makulli, ba halin in shiga motar in auna. Sai na tuna da ɗakin ajiyarmu, inda Baba ke tara kayan mota tun zamanin aikinsa. Na shiga na yi ta tono, na fito da ƙura har a gira, amma na samu abin da nake nema: sabuwar fedar birki ta irin motar, naɗe a tsohuwar jarida, ko fentinta bai goge ba. Sauran awon cikin motar na samo shi a littafin masana'anta. Na ce shi ke nan, na gama da wannan.

Kwana tara na yi ina zanen a lokacin hutun cin abinci. Ban taɓa yin aikin da ya yi min kyau kamarsa ba. Na zagaye kowace kusurwa don kada ta yanki gwiwarsa, na yi wa mariƙin gurbin yatsu huɗu, na gwada ƙarfinsa a manhaja har ninki uku na abin da hannun mutum zai iya. Da na gama na yi ta juya shi a allo ina murmushi ni kaɗai, sannan na tura wa Sau-Biyu.

Bayan minti ashirin saƙonsa ya shigo: "Zane ya yi kyau, Malama. A cikin motar kika auna?"

Na rubuta masa cewa na auna fedar da hannuna, kuma sauran daga littafin waɗanda suka ƙera motar ne. Ya dawo da cewa ko za mu fara fitar da shi da roba mu gwada, kwana biyu ne kawai. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa ba ni da kwana biyun zubarwa, kuma ba yau na fara awo ba, in ba zai yanka ba ya faɗa min in nemi wani. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga ƙarshe abin da ya turo shi ne: "To. Juma'a za ki same shi."

Ku da kuke cewa ba ni da kirki, a nan kam na yarda da ku.

Ran Asabar da la'asar na shirya bikina. Yaya ya zo don ya yi maganar takardun motar, Gwaggo ma ta zo, wai wucewa take yi. Umma kaɗai ta san shirin, ita ta aika aka kira Sau-Biyu, ta ce ai hannunsa na ciki. Na sa doguwar rigata mai ruwan ganye wadda nake ji da ita, na yafa ƙaramin mayafi fari, har da turare, kamar ba ƙarƙashin sitiyari zan shiga ba. Shi ma ya zo cikin farar riga sabuwa dal, karin guga na nan a hannunta.

Na durƙusa gaban Baba na ajiye ƙarfen a kan cinyarsa, na yi masa bayani. Ya daɗe yana juya shi. Ya sa yatsunsa a gurbin mariƙin, suka zauna daidai. Sai ya sa hannu a aljihu ya miƙo min makullin. Umma ta juya ta shiga kicin, na san kuka ta je yi.

Muka ɗunguma gareji. Na buɗe ƙofar direba, na shimfiɗa kwali, na kwanta na zura kaina ƙarƙashin sitiyari da tocilar waya. Na kai bakin ƙarfen kan wuyan fedar birki, ya ƙi zama. Na juya shi, ya ƙi. Na danna da ƙarfi, ya kama ta gefe ɗaya, sandar ta karkace ta tokare jikin sitiyari. Na sake gwadawa sau uku, gumi na shiga min ido, ina jin Gwaggo a waje tana tambayar Yaya ko dama haka ake yi. Tazarar ta kai faɗin yatsa biyu, kuma a aikinmu wannan ba ɗan kuskure ba ne, abu ne da bai yi ba sam.

Na fito na tsaya tsuru-tsuru da baƙin mai a gaban rigata. Yaya ya ce cikin tausasawa ai na yi ƙoƙari, a bar shi haka kada a wahalar da Baba. Ban iya kallon Baba ba. Abin da na guje wa shi na yi da hannuna: na sa masa rai a gaban mutane, na kuma kasa.

Sau-Biyu bai kalle ni ba, kuma har yau ina gode masa da wannan. Da ya yi min kallon "ai na faɗa miki", da ban san inda zan sa kaina ba. Izini kawai ya nema wurin Baba, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya kwanta a kan kwalin. Ya jima a ciki. Da ya fito sai ya ce in kawo fedar da na auna. Na kawo, ya riƙe ta a gefen ta cikin motar, ya ce in leƙo. Ta hannunsa a miƙe take. Ta cikin motar kuwa wuyanta ya karkata hagu, kuma daidai inda ya karkata ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, alamar an taɓa gasa shi da wuta.

Ya ɗago ya ce, "Baba, wani ya taɓa lanƙwasa fedar nan ne?"

Sai kafaɗun Baba suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabon da mu ji ta tun kafin asibiti. Ya ce shi ne, da hannunsa, a satin da ya sayi motar. Takalminsa lamba arba'in da shida ne, in ya taka totur sai gefen takalmin ya shafi birki, shi ya sa ya kai ta wurin mai walda suka gasa ta suka matsar da ita. Sabuwar da na gano kuwa ya saye ta ne don ko wannan ta tsage, ga shi shekara ashirin da bakwai ba ta tsage ba.

Na yi saurin cewa ai abin ya zo da sauƙi, a cire tsohuwar a sa sabuwar, ƙarfena zai zauna daidai. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ba a taɓa min feda, Auta. Zanenki ne zai bi motata, ba motata ce za ta bi zanenki ba."

Sau-Biyu ya goyi bayansa, ya ce karkatar ma alheri ce, don ta matso kusa da ƙafar Baba ta hagu mai lafiya, in ta kama dole zai iya taka birki da ita. Ya ce zai duba ƙarfen ya tabbatar babu tsaga. Sannan Baba ya juya ya kalli Yaya ya ce ya gaya wa mutuminsa ya nemi wata motar. Yaya ya kalli fuskar Baba, ya ce to.

Abin da ya biyo baya shi ne kwanaki mafi daɗi da na yi a shekara biyun nan. Na ɗauko kwamfutata daga ofis na kafa a teburin falo. Baba ya ja kujera ya zauna kusa da ni da tabarau a kan hanci. Da farko tsoron taɓa linzamin kwamfutar yake yi, kafin kwana biyu ya fi ni son juya zanen, yana kifa shi yana ɗagowa yana cewa in ƙara girman nan ya gani. Ya ce mariƙin ya yi ƙasa, direba ba ya sauke kafaɗa in zai taka birki. Ya ce in matsar da shi daga inda gwiwarsa ke bi in zai fita. Ya ce tafiyar totur ta yi gajarta, mota za ta dinga zabura. Duk abubuwan nan babu su a littafin masana'anta, kuma da ƙarfena na farko ya zauna, da haka zan ba shi abin da zai wahalar da shi. Awo kuwa a cikin motar muka yi shi, Baba na zaune a kujerarsa, ni ina ƙasa ina kiran lambobi, Umma na rubutawa a bayan kalanda.

A daren farko kafin in kwanta na tura wa Sau-Biyu saƙo. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, na ƙare da: "Ka yi haƙuri da maganar da na faɗa maka. Kai ne da gaskiya." Ya amsa: "Ba komai. Zanen ba shi da laifi, fedar ce ba ta karanta littafin ba. A turo na roba?" Na yi dariya har Umma ta leƙo ta ga da wa nake, da ta gani kuma ta koma kicin ta kama waƙa.

Na roba muka fara fitarwa, har sau biyu, kafin na ƙarfe. Ranar da aka ɗaura shi ya zauna kamar da shi aka ƙera motar. Sati uku Baba yana koyo a wani fili bayan unguwarmu, ni a gefensa hannuna a kan birkin hannu, Sau-Biyu a tsaye a rana yana jera mana robobin ruwa a matsayin kwana. Mutumin nan yana rufe shagonsa awa biyu kullum saboda wannan, kuma ko sau ɗaya bai ɗauko min waccan maganar ba. Ranar farko Baba ya take robobi huɗu ya ce su suka shigo masa hanya. A sati na uku ko ɗaya bai taɓa ba. Jami'in gwajin tuƙi ya duba ƙarfen, ya zagaya da shi cikin gari, ya sa masa hannu.

Shekaranjiya da safe ina shirin fita aiki, Baba ya ce in bar motar haya, shi zai kai ni. Ya sa rigarsa mai ruwan ƙasa da hular da yake ajiyewa don fita ta musamman. Na zauna a gefensa da jakata a cinya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rabon da Baba ya tuƙa ni tun ina makaranta, ga shi yau hannunsa na hagu a sitiyari, na dama a kan abin da muka zana tare, yana tsayawa a danja a hankali ko girgiza babu. Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga idona, ina ta gode wa Allah a zuciyata.

A shataletale na biyu, maimakon ya miƙe hanyar ofishinmu, sai ya sa sigina ya karya dama. Na ce masa ba nan ba ne. Ya ce ya sani. Ya shiga layin masu ƙira, ya wuce mai gyaran taya, ya tsaya daidai ƙofar shagon Sau-Biyu. Ana jin ƙarar injin daga ciki. Bai kashe motar ba.

"Auta, kina tsammanin ban san dalilin da ya sa kike riƙe yaron nan wata takwas ba?"

Na ce ba haka ba ne, Baba.

"Haka ne. Shekara ɗaya da rabi kina zama min ƙafa, ba ki taɓa nuna min gajiya ba. Na gode, Allah ya yi miki albarka." Ya ɗan daki mariƙin da tafin hannunsa. "Amma yanzu zan iya kai kaina asibiti. Ban ce ki ce masa e ba, ban ce ki ce a'a ba. Ki shiga ki faɗa masa abin da ke ranki, kada ki ƙara fakewa da ni."

Na riƙe jakata gam. Na ce to in na sauka, wa zai raka shi gida?

Ya kalle ni ta saman tabarau kawai. Na buɗe ƙofa na sauka.

Ina tsaye a bakin titi ya duba madubi, ya sa sigina, ya ja motarsa shi kaɗai. Na bi ta da kallo har ta kai ƙarshen layin, fitilar birki ta kama, ta saki, ta sha kwana. Babu kowa a kujerar gefensa, kuma bai waiwayo ba.

A bayana ƙarar injin ta tsaya. Sau-Biyu ya fito yana goge hannu da tsumma, ya kalli inda motar ta bi, ya kalle ni, fuskarsa duk damuwa.

"Lafiya, Malama? Wani abu ya kwance ne?"

"Babu abin da ya kwance," na ce. "Ka wanke hannunka ka zo. Amsarka na kawo maka."